Na mayar da ƙwallo sana'a, yanzu ko ƙungiyata ta ci ba na jin komai

Assalamu alaikum Hajiya. Ni haifaffen Jidda ne, iyayena mutanen Kano ne. Ina da mata da 'ya'ya uku. Shekara 6 ke nan ina aiki da wani kamfani mai ɗaukar wasanni yana watsawa a talabijin. Aikina a cikin babbar motar nan yake da ake ajiyewa a bayan filin wasa: idan an ci ƙwallo ko an yi ƙeta, ni nake dawo da hoton a sake nuna shi a hankali. Ranar wasa ina barin gida bayan Azahar, ba na dawowa sai wajen 2 na dare. Wani makon Dammam, wani makon Buraida ko Riyad.

Tun ina yaro ni ɗan Ittihad ne, ƙungiyar ƙwallonmu ta Jidda, saboda son ƙwallo ma na nemi aikin nan. To yanzu idan Ittihad ta ci, ina jin ihun mutane har motar tana rawa, ni kuma ina can ina laluben kyamarar da ta fi ɗauko ƙwallon. Wallahi babu abin da ke motsi a zuciyata. Ranar da ba ni da dawam, wato lokacin aiki, nakan tafi istiraha, gidan shaƙatawa, wurin abokai mu kalli wasan Turai, ko zan ji abin da nake ji a da, sai in dawo 1 na dare da ciwon kai. Maiɗakina ta ce: “Aiki ƙwallo, hutu ƙwallo, mu ina namu rabon?” Babban ɗana mai shekara 9 ya gaji da roƙon in kai shi Jauhara, babban filin wasan Jidda. Mahaifiyata tana Makka, sai in yi wata biyu ban leƙa ta ba. Kawuna ya ce in ajiye aikin in zo mu riƙe shagonsa. Hajiya, aikin zan bari, ko ƙwallon zan haƙura da ita?

Naki, wani ɗan'uwa daga Jidda.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi maka albarka, ya raya maka zuri'a. A duk wasiƙarka, wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ka ce mota na rawa don ihu, kai kuma zuciyarka shiru. Na ji ka faɗe shi da nauyin baki, kamar wanda ya ci amanar wani. Ka sauke wannan nauyin tukuna. Ban yarda son ƙwallo ya mutu a ranka ba, domin wanda ya daina son abu ba ya zama ya rubuta wasiƙa yana kukan rashinsa.

Duba abin da ke faruwa da kai a daidai lokacin da ƙwallo ta taɓa raga. Ɗan kallo da ke kan kujera ba wanda ke jiran komai daga gare shi: ya miƙe, ya yi ihu, ya rungumi na kusa da shi ko bai san shi ba. Kai kuwa kana cikin sanyin mota da duhunta, allo ya kewaye ka, muryar darakta tana cikin kunnenka, 'yan daƙiƙu ne a hannunka ka zaɓi hoton da za a nuna, daga ina za a faro shi, akwai satar gida ko babu. In ka tsaya murna a wannan lokacin, aiki ya lalace a idon miliyoyin mutane. Saboda haka shekara 6 kana horar da kanka ka danne murnar nan, har ka ƙware. Ƙwarewar da ake biyan ka albashi dominta ita ce ta bi ka har istiraha. Na tabbata ko wasan Ingila kake kallo, idonka yana kan mai ɗaukar hoto, kana lura da inda aka makara wajen sauya kyamara, abokanka kuwa suna can suna musun wanda ya fi iya taka leda. Matar da ta wuni a bakin murhu tana girkin biki, idan aka zubo mata sai ta kasa ci, hayaƙi da ƙamshi sun riga sun cika mata ciki. Abincin ba shi da laifi, ita ma ba ta da shi. Allo ya zama wurin aikinka, ƙanena. Duk daren da ka zauna gabansa da sunan hutu, ƙarin dawam ka yi wanda babu mai biyan ka.

Gajiyar kuma ba raki ba ne. Aikin da ka shiga shekara 6 da suka wuce ba shi ne na yau ba. Tun da Ronaldo ya sauka Nassr a farkon 2023, Benzema da Kante suka biyo baya zuwa Ittihad ɗinka, Mahrez ya zo Ahli, Sadio Mane ya tafi Nassr, idon duniya ya dawo kan gasar nan. Daga kakar 2023 zuwa 2024 ƙungiyoyi suka koma 18, wasa 306 ke nan a kaka guda, ban da Kofin Sarki da wasannin nahiyar Asiya. Jiddarku kaɗai ta karɓi tseren motoci na Formula 1 tun 2021, ta karɓi Kofin Duniya na ƙungiyoyi a Disambar 2023, ta karɓi zagayen ƙarshe na gasar zakarun Asiya a 2025 wadda Ahli ta ɗauka. Ga Kofin Asiya na 2027, ga Kofin Duniya na 2034 da aka bai wa Saudiyya. Na jero maka waɗannan ne don ka cire wani tunani da na san masu irin aikinka suna yi, wato “bari dai wannan kakar ta wuce, abubuwa za su lafa.” Ba za su lafa da kansu ba. In ba ka yanka wa kanka lokaci da hannunka ba, babu mai zuwa ya miƙo maka.

Bari mu zo kan maiɗakinka, don nan ne nake ganin ya fi gaggawa. Maganar da ta faɗa maka gajeriya ce, amma ka saurare ta da kyau: ba ta ce ka bar aiki ba. Mace ta san abin da ke ciyar da gidanta. Daren da kake Dammam tana iya haƙuri da shi, domin dole ce ta fitar da kai. Wanda ke ci mata rai shi ne daren da kake da zaɓi, ka zaɓi istiraha. Ka tsaya a matsayinta. Ta tashi yara da asuba, ta shirya su makaranta kana barci, ta hana su hayaniya don kada su tashe ka, ta ajiye maka abinci a rufe har ya huce, sannan daren da take sa ran nata ne ta ga ka ɗauki makullin mota. Wasan Zakarun Turai a lokacin sanyi yawanci ƙarfe 11 na dare yake farawa a agogonku. Ko da ka ji daɗinsa, ka sayo shi da tsada. Balle kai da bakinka ka ce ciwon kai kake dawowa da shi.

Ba na ganin ka a matsayin mai laifi da gangan. Kana neman abin da ya ɓace maka ne a wurin da ba ya nan. Amma ita ba ta san haka ba. Abin da take gani shi ne miji mai son ƙwallo fiye da gidansa, alhali gaskiyar ita ce miji ne da ƙwallon ma ta daina yi masa daɗi. Ka faɗa mata abin da ka faɗa mini, da kalmomin nan da ka rubuta. Ka zaɓi lokacin da yara ba sa nan, ba tsakar dare ba, ba kuma bayan an yi cacar baki ba. Maza da yawa sukan ga kamar rauni ne su ce wa matansu “na gaji, na rasa abin da ke damuna.” Ni a nawa ganin, babu maganar da ta fi saurin sanyaya zuciyar mace irin ta ji an ɗauke ta abokiyar shawara. Bayan haka ka ba ta abin da za ta riƙe a hannu. Jadawalin wasanni yana fitowa tun kafin lokaci. Duk ranar da aka ba ku na dawam, ka tura mata a waya, ku zauna ku zagaye ranar da ta zama ta gida. Dare guda tabbatacce a mako, wanda ta san ba ya motsi sai da babban dalili, ya fi mata alkawarin “in na samu sarari” sau goma. Ba sai an kashe kuɗi ba. Shayi a fulas da tabarma a bakin teku bayan Magariba, yara suna guje-guje, wayarka tana aljihu, ya wadatar.

Ka san labarin Salmanul Farisi da Abud Darda, Allah ya ƙara musu yarda. Salman ya tarar da ɗan'uwansa ya duƙufa da azumi da tsayuwar dare har matarsa ta daina kula da kwalliyarta, sai ya ce masa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, ya bai wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da aka kai maganar ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Salman ya yi gaskiya. In ibada ma ba a yarda ta cinye rabon iyali da na jiki ba, ina ga dawam.

Yanzu wurin aiki. Su ma suna da nasu uzurin, kada mu zalunce su: wasan da ake watsawa kai tsaye ba a ɗaga shi don wani ya gaji, kuma mudir, wato shugaban aikinku, yana son mutumin da ya amince da hannunsa a kan na'ura ranar babban wasa. Wannan amincewar ita ce jarinka. Kafin ka yi magana da kowa, ka yi wata guda kana rubuta lokacin fitarka da na tashinka, har da ranakun tafiya. Sannan ka buɗe kwantiraginka a manhajar Qiwa ta Ma'aikatar Ƙwadago ka karanta shi layi-layi. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta sa awa 8 a rana ko 48 a mako, a Ramadan kuma awa 6 a rana ko 36 a mako ga Musulmi. Abin da ya haura nan ƙarin lokaci ne, ana biyan kuɗin awar tare da ƙarin rabin na asalin albashi, kuma gyaran da ya fara aiki a 2025 ya ba da damar a musanya shi da hutu in ma'aikaci ya yarda. Akwai hutun mako na awa 24 a jere, wanda za a iya sauya masa rana daga Juma'a amma ba a saye shi da kuɗi. Hutun shekara kwana 21 ne, ya koma 30 ga wanda ya cika shekara 5 a wuri guda, kai kuma ka cika. Wasu ayyukan suna da nasu tsarin na daban, shi ya sa na ce ka fara da takardarka.

Ban ce ka shiga ofis kana kaɗa doka ba. Mai igama, wato takardar izinin zaman baƙo, ya san inda ƙafarsa take, kuma ba na so ka ɓata da mutanen da kuke cin abinci tare. Sanin haƙƙi yana sa mutum ya yi magana a natse ne, ba da rawar murya ba. Ka je wa mudir da mafita a hannu. Ka ce masa kana so ka daɗe a aikin nan har a yi 2034 da kai, amma a yadda ake tafiya hannunka zai fara kuskure. Kana roƙon ranar da ta biyo bayan tafiya ta zama hutu, ƙarin lokacinka a mayar maka da wani kaso nasa ranakun hutu, kuma ka ɗauki nauyin koya wa wani matashi aikin don ya riƙa karɓar ƙananan wasanni. Wannan na ƙarshen shi ne zai fi shiga kunnensa, don ribarsa ce. In an ƙi sauraron ka sam, Ma'aikatar Ƙwadago tana da hanyar sulhu kafin a kai ga kotu, amma wannan ta ƙarshe ce, ba ta farko ba.

Ga kuma abin da nake so ka gwada game da ƙwallon kanta. A cikin abokan aikinka ba za a rasa ɗan Ahli ba, tunda Jidda ce. Ku yi musaya da yardar mudir: wasu wasannin Ahli na gida ka karɓa masa, shi ya karɓa maka wasu na Ittihad. Ranar da suka haɗu da juna ku duka kuna mota, wannan babu makawa. Amma ko sau uku ne a kaka, ka samu ranar da Ittihad ke wasa kai kuma ba ka da dawam. A ranar nan ka sayi tikiti da kuɗinka, ka bar katin aiki a gida, kada ka bi ta ƙofar ma'aikata, kada ka leƙa mota gaishe da kowa. Ka riƙe hannun yaron nan, ya sa rigarsa mai ruwan ɗorawa da baƙi, ku bi layi kamar kowa, ku zauna can sama cikin magoya baya inda ganguna suke. A Jauhara mutum kusan 60,000 ne ke zama, kuma daga kujera babu mai ce maka ka dawo da hoto. In ƙwallo ta shiga ba ka ji komai ba a karon farko, kada ka tsorata. Ka juya ka kalli fuskar ɗanka. Yana shekarun da kake lokacin da son nan ya kama ka, kuma ba zai daɗe a cikinsu ba. Nan da 'yan shekaru da abokansa zai so tafiya. A hanya ka ba shi labarin Usama Hausawi da ya ɗaura ƙyallen kyaftin na Saudiyya a Kofin Duniya na 2018, da Ahmed Musa da ya buga wa Nassr, ya san cewa masu alaƙa da Hausa sun taka filayen nan. In maiɗakinka tana sha'awa, tun Janairun 2018 mata ke shiga filin wasa. Ka tambaye ta, kada ka yanke mata hukunci.

Abokanka na istiraha ba zan ce ka yar da su ba, mutum ba ya rayuwa da aiki da gida kaɗai. Sai dai ka sauya abin da ke haɗa ku. Ku kama ƙaramin fili na awa guda ku buga da ƙafafunku, mutum biyar-biyar, ko da sau biyu ne a wata. Jikin da ya wuni a kujera cikin sanyin na'ura gumi yake nema. Wasan Turai kuwa ka zaɓi ƙalilan da suka isa a hana ido barci dominsu, sauran ka ga sakamako da safe. Ba a auna son ƙungiya da yawan daren da aka raya.

Barcin nan ma kada ka raina shi. Babban mutum yana bukatar aƙalla awa 7, wanda ya dawo 2 na dare ya tashi Asuba kuwa sai ya haɗa da na hantsi da ƙailula kafin ya cike. Ka daina shan gahawa da shayi mai kauri bayan hutun rabin lokaci, ka sa labule mai duhu a ɗaki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tuƙin dare bayan wasa. Daren da idonka ke rufewa, don Allah ka bar motar ka kira tasi. In kuma ka gyara barci da hutu na wata biyu ko uku, amma ka ga rashin jin daɗin ya wuce ƙwallo ya shafi abinci da hira da wasa da 'ya'yanka, ko ciwon kan ya ƙi tafiya, to ka ga likita ba tare da jinkiri ba. Wannan ba abin kunya ba ne.

Hajiyarmu ta Makka kuwa ba ta bukatar dogon shiri. Tsakanin Jidda da Makka tafiyar ƙasa da awa guda ce a jirgin ƙasa na Haramain, a mota ma kusan haka. Wata biyu ya yi yawa, ƙanena, kai ma ka sani. Tunda safiyarka ce ta fi zama taka, ka ware safiya guda duk mako biyu, ka je ka karya kumallo a gabanta, ka dawo kafin dawam. Ranar da ba ka je ba, kiran minti biyar a hanyar fili ya isa ta ji muryarka ta sa maka albarka.

Saura maganar kawu. Allah ya saka masa da alheri, tausayinka ya ji. Amma ba na so ka yanke hukunci irin wannan da gajiya a jikinka. Shago ma yana da nasa dawam ɗin, masu shago a Jidda ba sa rufewa da wuri, a Ramadan kuwa har kusan sahur. Sannan igamarka tana ɗaure da wurin aikinka da sana'ar da aka rubuta a kanta, kuma ayyukan saye da sayarwa da dama an keɓe su ga 'yan ƙasa. Tsayawa a shagon da ba a nan sunanka yake ba zai iya jefa ku cikin matsala, kai da shi. Tun Maris na 2021 an sassauta sauya wurin aiki ga ma'aikatan kamfanoni bisa wasu sharuɗɗa, saboda haka in ta kai ga tafiya, ƙofa ta farko da za ka ƙwanƙwasa ita ce ta cikin sana'arka: sashen tace hotuna da haɗa shirye-shirye da ake yi da rana a ofis, ko wani kamfanin mai tsari mafi sauƙi. Hannu irin naka ana nemansa a shekarun nan. Ka gode wa kawu, ka ce ya ba ka zuwa ƙarshen kaka. Gasar tana ƙarewa a watan Mayu; ka nemi hutunka na shekara tun yanzu a rubuce, ka ɗauke shi a dunƙule, makon farko ka yi barci, sannan ku zauna da maiɗakinka da takardar awoyin nan a gabanku, ku yi istihara, ku duba ko mudir ya cika abin da ya ɗauka.

Ka rubuto mini bayan kun je Jauhara da yaron, ina so in ji yadda ta kasance. Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka isar da gaisuwata ga Hajiya idan ka je Makka.